Haruffan da wuƙa ta yanka: daga ina ƙarfinsu yake, kuma ina ne wurinsu

Akwai wani irin rubutu da ake yawan gani a fasta, a bangon littafi, a gaban riga, a jikin kwalin kaya, haruffa ne masu kauri, baƙi wuluk, bakinsu ba sumul ba, kana kallo ka san kamar wani ne ya zauna da wuƙa ko almakashi ya yanko su ɗaya bayan ɗaya. Mutane da yawa suna son shi amma in ka tambaye su me ya sa sai su ce kawai yana da kyau ko yana da rai. To ni dai ina ganin abin ya wuce haka, akwai dalilai da za a iya nunawa da yatsa, kuma in mutum bai gane dalilan ba zai ɗauki wannan salon ya sa shi inda bai dace ba ya ɓata aikinsa da hannunsa.

Da farko dai sai an raba abu biyu. Haruffan bugawa gida biyu ne. Akwai waɗanda aka yi don doguwar karatu, irin na cikin littafi da jarida, su aikinsu su ɓuya ne, ka karanta shafi ɗari ba ka ma lura da siffarsu ba. Akwai kuma na kanu, na talla, waɗanda aka yi don a gan su tun daga nesa, kalma biyu ko uku ko biyar shi kenan. Masu bugu suna auna girman harafi da wani ma'auni da ake kira poyin, guda 72 ne a inci ɗaya, rubutun cikin littafi yawanci tsakanin 9 zuwa 12 yake, su kuwa na kanu daga wajen 24 zuwa sama suke fara nuna kansu, har ta kai harafi ɗaya ya fi tafin hannu. Wanda muke magana a kai ɗan gida na biyu ne, kuma cikin gidan ma shi ne mai babbar murya.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne kayan aiki ne ke yanke siffa, ba son ran mai zane kaɗai ba. Alƙalami yana tafiya ne a kan takarda, yana lanƙwasa yadda ka so, yana siranta yana kauri. Wuƙa ba haka take ba. Wuƙa ba ta ƙara komai, cirewa take yi, kuma abin da ta cire ya tafi ke nan ba ya dawowa. Ka ɗauki harafin O misali, ka ce za ka yanke shi a kwali mai kauri. Da'irar waje hannunka ba zai iya zagaye ta a shara ɗaya ba, dole ka tsaya ka juya kwalin ka sake yanka, ka sake tsayawa, a ƙarshe abin da zai fito ba da'ira ce sak ba, wani abu ne mai gefe bakwai ko takwas da ɗan kusurwa a duk inda ka tsaya. Sai ramin tsakiya, nan ne wahalar take, sai ka huda ka shigar da bakin wuƙar ka yi ta juyi a ƙaramin wuri, shi ya sa ramin yake fitowa ƙarami, a matse, wani lokaci kamar ƙwayar ido a tsaye, wani lokaci murabba'i ne kawai. Harafin S kuwa shi ne mai tona asiri, don lanƙwasa biyu ce masu saɓa wa juna, a hannun wuƙa sai ya zama kamar an karya shi gaɓa-gaɓa. Duk waɗannan ba kuskure ba ne, sawun kayan aiki ne, kuma su ne ainihin salon.

Kaurin ma daga nan ya samo asali. In kana sassaƙa katako ko kana yanka takarda, siririn layi ba ya rayuwa, ko ya karye ko ya yage ko ya murƙushe a ƙarƙashin injin bugu. Don haka mai yanka yana barin nama da yawa a jikin harafin. Sakamakon shi ne baƙin ya rinjayi farin, harafin ya zama dunƙule, ido kuma yana fara kama dunƙulen baƙi kafin ya kama komai a shafi.

Tarihin abin yana da daɗin bi. Tun zamanin Gutenberg wajen 1450 ana sassaƙa harafi ne da hannu a bakin ɗan sandan ƙarfe, a buga shi a jan ƙarfe ya bar gurbi, a zuba narkakkiyar darma a gurbin. Amma ɗaruruwan shekaru haruffan na littafi ne, ƙanana. Sai a farkon shekarun 1800 da kasuwanci ya buɗe a Ingila, kowa yana son ya manna sanarwa a bango ta fi ta maƙwabcinsa fitowa, sai masu zuba haruffa na Landan suka shiga gasa. Ana danganta haruffan nan masu mugun kauri na farko da Robert Thorne, sai Vincent Figgins ya fito da masu ƙafa, wato ɗan gajeren layin da ke gicciye a ƙarshen sandar harafi, mai faɗi kamar tubali a kundinsa mai ɗauke da shekarar 1815, sai William Caslon na huɗu ya fitar da marasa ƙafa gaba ɗaya a 1816. Matsalar da aka ci karo da ita ita ce darma ba ta son girma, in harafi ya yi babba sai ya yi nauyi ya yi tsada, kuma wajen hucewa fuskarsa ba ta zama daidai, tawada ba ta kama ko'ina. Mafita sai ta zama katako. A Amurka wani mai suna Darius Wells a birnin Niyok ya ƙirƙiro injin da ke rarake katako da sauri a 1827, ya fitar da kundin haruffan katako a 1828, sannan a 1834 William Leavenworth ya haɗa wannan injin da wata na'ura mai bin sawun samfuri tana kwafa shi a kowane girma ake so. Daga baya kamfanin Hamilton da aka kafa a 1880 a garin Two Rivers na jihar Wisconsin ya mamaye sana'ar, yanzu ma akwai gidan tarihi na haruffan katako a garin.

Wani abu da nake so a lura da shi a nan, ko da injin ya shigo hannu bai fita ba. Bakin injin zagayayye ne, ba zai iya shiga lungu mai tsini ba, irin cikin A ko inda ƙafafun K suka haɗu, don haka bayan injin ya gama sai ma'aikaci ya ɗauki ƙaramar wuƙa ya gyara kowane lungu da hannu. Ga kuma katakon kansa, yana tsufa, yana tsagewa, yana samun tabo, in an buga sai ka ga ɗigo-ɗigon fari a cikin baƙin. Wannan kamannin da masu bugu na da suke ɗauka aibi ne suna ƙoƙarin ɓoyewa, shi ne yau ake nema ido rufe.

Amma in ana maganar yankan hannu na gaskiya, wanda aka yi da gangan don a ga sawun hannun, to sai an je Jamus. A 1905 wasu matasan masu zane suka kafa ƙungiya a Dresden mai suna Die Brücke, suka rungumi sassaƙar katako da zafi-zafi, ba gyara ba lallashi, har takardar manufarsu ta 1906 Ernst Ludwig Kirchner sassaƙa ta ya yi a katako harafi bayan harafi. A cikin irin wannan iskar ne Rudolf Koch, malamin rubutun hannu a garin Offenbach, ya yi salon haruffan da ake kira Neuland wanda maƙerar haruffa ta Klingspor ta fitar a 1923. Abin da ya sa ake ta ambatonsa har yau shi ne yadda ya yi shi. A al'ada mai zane zai zana harafi a takarda ne ya miƙa wa masassaƙi. Koch bai yi haka ba, shi da kansa ya ɗauki ƙarfen da magagari ya fitar da haruffan kai tsaye ba tare da ya bi cikakken zane ba, kuma tunda kowane girma daban ake sassaƙa shi, sai ya zama harafin ƙaramin girma bai yi daidai da na babban girma sak ba. Manyan baƙaƙe ne kawai babu ƙanana, a cushe suke, kusan ba sa barin fili tsakaninsu, in aka jera layi uku sai ka ga kamar katanga. Ya karɓu har wasu kamfanoni suka yi ta kwaikwayonsa, Monotype ma ta fitar da nata mai suna Othello a 1928.

Akwai kuma reshen almakashi. Henri Matisse a Faransa, bayan tiyatar da aka yi masa a 1941 ta rage masa ƙarfi, ya koma yanka takardu masu launi da almakashi yana jera su, kuma wannan ya buɗe wa masu dizain ido sosai. A shekarun 1950 Saul Bass a Amurka ya shahara da fastocin fim masu siffofi da haruffa kamar an yanko su daga baƙar takarda, a karkace, ba su zauna kan layi ɗaya ba. Ga masu sassaƙa linoliyam, wato wani shimfiɗin ƙasa mai ɗan taushi da aka ƙirƙiro a Ingila a shekarun 1860, wanda daga baya masu zane suka gano ya fi katako sauƙin yanka don ba shi da jijiya da za ta ja wuƙa gefe. Shi linoliyam lanƙwasarsa ta fi laushi, katako ya fi tsini da tsagewa, takarda kuma gefenta tsaf yake amma a miƙe-miƙe. In idonka ya saba za ka iya kallon font, wato cikakken jerin haruffa masu salo ɗaya da ake rubutu da su a kwamfuta, ka faɗi wane kayan aiki yake kwaikwayo. Kuma masu sassaƙa don bugawa a juye suke yanka komai kamar a madubi, shi ya sa a tsofaffin fastoci wani lokaci za ka ga N ko S ya juya baya.

To yanzu ga inda nake ganin mutane suka fi ruɗewa. Suna ɗauka sirrin shi ne rashin daidaito, wai in dai harafi ya karkace ya yi kaushi to ya zama na hannu. Ba haka ba ne sam. Mai kyau a cikin irin wannan salon bakinsa ne kawai ba daidai ba, amma nauyinsa daidai yake. Ka ɗan runtse ido ka kalli kalmar, in aikin gwani ne za ka ga baƙin ya bazu bai ɗaya, babu harafin da ya yi duhu fiye da 'yan'uwansa babu wanda ya yi haske ya zama rami a tsakiyar kalma. Kaurin sandar H da na E da na T kusan ɗaya ne ko da gefensu na rawa. Ramukan cikin A da B da R da O suna da dangantaka, ba wani ƙato wani kamar hudar allura ba. Kusurwar da wuƙa ke yanka ƙarshen sanda tana maimaita kanta, kai ka ce hannu ɗaya ne da wuƙa ɗaya a zama ɗaya. Har ƙa'idar nan ta tsoffin masu haruffa tana nan, cewa zagayayyun haruffa irin O da C sai sun ɗan wuce layi sama da ƙasa kaɗan, in ba haka ba ido zai gan su sun fi sauran gajarta. Wanda bai san wannan ba shi ne zai ɗauki font na kwamfuta mai sumul ya danna masa wani tace mai kakkarya gefe ya ce ya yi yankan hannu, kuma wallahi ana ganewa, don kaushin ya bazu ko'ina daidai wa daida, har inda wuƙa ba ta da dalilin tsayawa. Hannu yana tsayawa ne inda ya gaji ko inda lanƙwasa ta fi ƙarfinsa, kwamfuta kuwa ba ta san gajiya ba.

Akwai wata matsala da ke zuwa da zarar an mayar da yankan hannu ya zama font. Ana yanka haruffan, a ɗauke su da sikana, a bi gefensu a manhaja a mayar da su layukan lissafi da za su iya girma ba su fashe ba. Amma fa A ɗaya aka yanka, B ɗaya aka yanka. Rubuta BABBA ka gani, B uku ga su nan kowanne da tabo iri ɗaya a wuri ɗaya, A biyu kamar tagwaye, nan take ƙaryar ta fito fili don babu hannun da ke yanka abu biyu su zo sak. Maganin da masu yin font na kirki suke yi shi ne su yanka kowane harafi sau biyu ko uku ko fiye, su zuba duka a ciki, su yi amfani da tsarin OpenType wanda Microsoft da Adobe suka sanar a 1996, wanda ke ba font damar sauya siffar harafi gwargwadon abin da ke kusa da shi. Sai ya zama in B ta biyo B, ta biyun daban take fitowa da kanta. Wasu kuma dabara suke yi mai sauƙi, tunda salon yawanci manyan baƙaƙe ne zalla, sai su ajiye siffa ta biyu a maɓallan ƙananan baƙaƙe, kai da kanka ka riƙa cakuɗawa. Kafin ka ɗauki kowane font irin wannan, wannan gwajin na maimaita harafi shi ne na farko.

Batun amfani kuwa ba shi da wuyar faɗa. Fasta, bangon littafi, sunan fim ko shiri, tambarin ƙaramar sana'a, kwalin kaya, riga, kwalin zanga-zanga, hoton da ke gaban bidiyo a intanet, littattafan yara, duk inda kalmomi kaɗan ne kuma ana so a ji akwai mutum a bayansu. Yana kuma jure wahalar bugu, don ba shi da siraran layuka da za su ɓace in tawada ta yi ƙaranci ko yadi ya sha ta. Abin da ba ya yi shi ne dogon zance. Mutum ne mai ihu, in ya kira sunanka sau ɗaya za ka waiwayo, in ya tsaya yana ba ka labari da ihun nan minti biyar sai ka toshe kunne. Sakin layi guda da irin waɗannan haruffa azaba ce ga ido, ramukan suna toshewa in an ƙanƙanta, E da F da B su fara kama da juna, 3 da 8 su rikice, don haka lambar waya, adireshi, kwanan wata, ƙa'idar shan magani, duk a ba wa font mai sanyi marar ado. Haɗin da ya fi aiki ke nan, shi a sama yana kira, wani mai natsuwa a ƙasa yana bayani, kuma kar a haɗa shi da wani mai hayaniya irinsa a shafi ɗaya.

Tazara ma sai an kula. Haruffa masu kauri sun fi kyau a matse, kusa da juna, layi ma kusa da layi, don su zama dunƙule ɗaya, in ka bubbuɗe su sai ƙarfin ya zube. Amma wasu haɗe-haɗen kamar A da V, ko L da T, ko T da A suna barin fili babba ko su yi karo, a babban girma kuwa ido na ganin komai, dole ka gyara da hannu biyu-biyu. Launi kuma a bar shi fili ɗaya, baƙi a kan rawaya, fari a kan ja mai duhu, irin haka, inuwa da ƙyalli da launi mai narkewa duk suna kashe kamannin yanka. Ga masu sa shi a shafin intanet, ƙa'idar WCAG, wadda aka tsara don kowa ya iya amfani da shafuka cikin sauƙi har da masu raunin gani, ta ce babban rubutu ya samu bambancin haske da bayansa aƙalla 3 bisa 1, ƙaramin rubutu 4.5 bisa 1, kuma font mai tabo da yawa fayil ɗinsa na yin nauyi don kowane ɗigo lissafi ne, shafi sai ya yi jinkirin buɗewa.

Akwai wani ɓangare da yake damuna ƙwarai kuma bai kamata a tsallake shi ba. Neuland da na ambata, Bajamushe ne ya yi shi, mutum mai riƙon addininsa na Kirista, daga al'adar sassaƙa ta Jamus ya fito, ba ruwansa da Afirka ko kaɗan. Amma a hankali masu talla da masu buga littattafai, musamman a Amurka, suka mayar da shi da ire-irensa alamar wai daji, wai gargajiya, wai abin da bai waye ba, duk littafi ko fim ko kaya da ya shafi Afirka ko baƙar fata sai a lafta masa. Masu nazarin dizain sun yi rubutu a kan wannan sun soke shi, kuma suna da gaskiya, don abin da ke ƙarƙashinsa shi ne tunanin cewa kaushi da rashin gogewa su ne suka dace da wasu mutane. Harafin ba shi da laifi, zaɓin ne ke da laifi. Don haka mai dizain ya tambayi kansa tsakani da Allah, na ɗauki wannan ne don saƙon yana buƙatar ƙarfi da ɗumin hannu, ko don na saba ganin ana manna wa irin waɗannan mutanen shi?

Sai abu biyu na aiki da ake mantawa sai an zo bugawa. Irin waɗannan font ɗin sau da yawa mutum ɗaya ne ya yanka su, ya yi A zuwa Z da lambobi da 'yan alamomi ya tsaya, don kowane ƙarin harafi ƙarin yanka ne. In harshen da za ka rubuta yana da haruffa na musamman, masu lanƙwasa irin Ɓ da Ɗ da Ƙ, ko masu ɗigo da alama a sama ko ƙasa irin na Yarbanci da Turkanci da Faransanci, to ka rubuta su ka gwada tun kafin ka fara aikin, in babu su kwamfuta za ta aro daga wani font siriri ta cusa a tsakiyar kalmarka ko ta nuna akwati fanko. Na biyu lasisi, wanda aka ba ka don zane a kwamfutarka ba lallai ya haɗa da sa shi a shafin intanet ko cikin manhaja ko a kayan sayarwa ba, kuma da yawa daga waɗanda ake saukewa kyauta an rubuta don amfanin kai ne kawai ba na kasuwanci ba. Masu lasisin OFL, wato Open Font License, su ne aka sake wa kowa ya yi amfani har ya gyara, don haka in harafin da kake buƙata babu shi a ciki kana da damar ka yanka naka ka ƙara, sai dai in mai shi ya keɓe sunan to dole ka sauya wa naka suna kafin ka raba wa wasu.